Yadda Ake Zaɓar Girman Batir Don Ƙaramin Jirgin Sama Mai Igiya

Matuƙin jirgin igiya ba shi da totur a hannu. Yana tsaye a tsakiyar da'ira riƙe da mariƙi, siraran igiyoyin ƙarfe biyu sun miƙe daga mariƙin zuwa jirgin, abin da yake iya yi kawai shi ne ya ɗaga hancin jirgin ko ya sunkuyar da shi. Moto kuwa taima ce ke tayar da shi, ita ce kuma ke kashe shi idan lokacin da aka sa mata ya cika. Mai jirgin rimot idan ya ga batir ya yi sanyi sai ya rage wuta ya sauko. Mai igiya sai dai ya jira. Idan batir ya gaza a lokacin da jirgi yake saman kansa, igiya za ta saki, kuma da zarar ta saki babu sauran iko.

Wani zai ce to a sa babban batir mana a huta. Nan ma akwai asara, domin jirgin wasan gwaninta yana rayuwa ne a kan rashin nauyi. Duk giram ɗin da ka ƙara sai ya bayyana a kwana mai kusurwa, inda jirgin zai nutse maimakon ya fito a miƙe. Saboda haka batirin da ya dace ƙunƙuntar hanya ce tsakanin waɗannan biyun, kuma da lissafi ake gano ta, sannan caja ta tabbatar.

Abin da za ka fara sani

Kafin ka taɓa kalkuleta, samo lambobi uku.

Na farko nauyin jirgin a shirye ya tashi, har da moto da ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga moto) da taima da farfela da batirin kansa. Tun da ba ka zaɓi batirin ba tukuna, auna jirgin babu shi, ka ƙara kashi 20 zuwa 22 cikin 100 na abin da sikeli ya nuna. A yawancin jiragen gwaninta batir yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na jimillar nauyi, don haka wannan ƙiyasin ya isa a fara da shi.

Na biyu tsawon lokacin da moto zai yi yana juyawa. A gasar F2B, wato gasar gwanintar jirgin igiya ta hukumar wasannin sama ta duniya FAI, minti 7 ne ake bai wa matuƙi, a dokokin AMA, ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, minti 8. Amma ba duka moto ke cinyewa ba, domin akwai jinkirin tashi da kuma sauka a ciki. Wanda ya iya jerin salon gasar yakan sa taima tsakanin minti 5 da daƙiƙa 15 zuwa minti 5 da rabi. Mai koyo ba ya buƙatar ko kusa da haka. Minti 2 ko 3 ya ishe shi kafin jiri ya kama shi.

Na uku gudun juyawar farfela da kake nufi. Manyan jirage masu farfela inci 12 zuwa 13 galibi suna aiki tsakanin juyi 9,000 da 11,000 a minti, gwargwadon karkatar farfelar.

Lissafin makamashi

Kada ka fara da mAh, wato miliamfiya-awa, lambar girman batir da ake rubutawa a jikinsa. Lambar mAh ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san yawan ƙwayoyin da ke cikin batirin, wato ƙananan baturan da aka jera aka haɗa shi da su. Batir mai ƙwaya 4 da 2,200 mAh yana ɗauke da wat-awa 32.6, mai ƙwaya 6 da 2,200 mAh ɗin dai yana ɗauke da wat-awa 48.8. Lamba ɗaya a jikin leda, amma na biyu ya fi na farko makamashi da rabi. Da wat-awa ake fara lissafi.

Ƙiyasin da masu wannan harka suka daɗe suna aiki da shi shi ne: jirgin gwaninta yana cin matsakaicin wat 7 a kan kowace oza ta nauyinsa, wato kimanin wat 250 a kowane kilogiram. A lokacin tashi da hawa a tsaye yakan kai wat 11 a oza, kimanin wat 390 a kilogiram. Lambar farko ta batir ce. Ta biyu da ita ake zaɓar moto da ESC, kuma za mu buƙace ta idan muka zo kan lambar C, wato ma'aunin yawan amfiyar da batir ke iya fitarwa idan aka kwatanta da girmansa.

Ga matakan:

Ninka nauyi a kilogiram da 250, ka samu matsakaicin wat. Ninka wannan da mintocin tashi ka raba da 60, ka samu wat-awa da jirgin zai ci. Raba da 0.8, domin batirin LiPo (litiyam-polima, irin wanda ake sa wa waɗannan jirage) ba a shanye fiye da kashi 80 cikin 100 nasa. Daga nan raba da volt ɗin batirin, wato 3.7 sau yawan ƙwayoyi, ka ninka da 1,000. Abin da ya fito shi ne mAh da za ka nema.

Ɗauki jirgin gasa mai kilogiram 1.75. Sau 250 ya ba da wat 437. A minti 5.5 zai ci wat-awa 40.1. Idan aka raba da 0.8 ya zama 50.1. A batir mai ƙwaya 5, wato volt 18.5, wannan ya kama 2,710 mAh. A mai ƙwaya 6, volt 22.2, ya kama 2,260 mAh. Shi ya sa za ka ga 5S, wato mai ƙwaya 5, na 2,700 ko 2,800 a cikin jirage masu wannan girman a ko'ina.

Matsakaicin jirgi mai kilogiram 1.3 zai ci wat 325, wat-awa 29.8 a minti 5.5, ana buƙatar 37.2 a batir. A ƙwaya 4 wannan 2,520 mAh ne, sai a nemi 2,500 zuwa 2,700.

Ƙaramin jirgin koyo mai fallen jiki, giram 800, wanda zai yi minti 5: wat 200, wat-awa 16.7, batir mai 20.8. A ƙwaya 3 kusan 1,900 mAh ke nan, sai a ɗauki 2,000 ko 2,200. A ƙwaya 4 kuma 1,400 ne, sai a ɗauki 1,500. Idan shawagi kawai zai riƙa yi ba alkafura, zai ci ƙasa da haka sosai, don lambar 250 ɗin ta cikakken wasa ce.

Maganar kashi 80 ɗin nan ba camfi ba ne. Ƙwayar LiPo tana cika a volt 4.2, tana sauka a hankali har zuwa wajen 3.7, daga nan sai ta faɗi da sauri. Kashi 20 na ƙarshe yana cikin wannan gangaren. Shigarsa yana da illa biyu: ƙwayoyin suna lalacewa su kumbura da wuri, kuma wutar tana faɗuwa a daidai lokacin da bai kamata ba. A jerin gasar, salon takwas na saman kai da salon ganye huɗu su ne na ƙarshe kafin sauka. Wato salon da ya fi buƙatar jan igiya yana zuwa ne lokacin da batir ya fi gajiya. Wanda ke son batirinsa ya daɗe yakan tsaya a kashi 75, sai ya raba da 0.75 a maimakon 0.8.

Bayan ka samu wat-awa, duba ko ƙiyasin nauyinka na farko ya yi daidai. Batirin LiPo mai sauƙin nauyi yakan kai giram 6 zuwa 6.5 a kowace wat-awa, don haka mai wat-awa 50 zai yi giram 300 zuwa 325. Haɗa da nauyin jirgin. Idan jimillar ta kauce wa ƙiyasin da fiye da giram 50, sake lissafin da sabon nauyin.

Ƙwaya nawa

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin suna ɗauka cewa yawan ƙwayoyi magana ce ta ƙarfi kawai. A jirgin igiya magana ce ta rara.

Kusan duk jirgin gwaninta mai lantarki yana aiki da tsarin gwamna: ana faɗa wa na'ura yawan juyin da ake so, ita kuma ta riƙe shi ko jirgi yana hawa ko yana gangarowa, ko batir yana cike ko ya yi ƙasa. A wasu haɗe-haɗen gwamnan yana cikin ESC, kamar na Castle Creations da Jeti Spin. A wasu yana cikin taimar, kamar taimar KR. Ko a ina yake, aikinsa shi ne ya ƙara wuta idan farfela ta ji nauyi. Idan tun a shawagi ya riga ya buɗe totur har ƙarshe, to babu abin da zai ƙara idan aka ɗaga hanci.

Kowane moto yana da lambar Kv, wato juyi nawa yake yi a minti a kan kowane volt idan babu kaya a kansa. Ninka Kv da volt ɗin batir, ka samu ƙololuwar juyi. Juyin da kake so ya zama tsakanin kashi 70 da 80 cikin 100 na wannan ƙololuwar.

Misali moto mai Kv 700, ana son juyi 9,500. A ƙwaya 5, 18.5 sau 700 ya ba da 12,950, kuma 9,500 kashi 73 ne na wannan. Ya zauna daidai. Ko a ƙarshen tashi, lokacin da kowace ƙwaya ta sauka zuwa 3.5 a ƙarƙashin kaya, ƙololuwar 12,250 ce, kana kan kashi 78. A ƙwaya 4 kuwa ƙololuwar 10,360 ce, kana kan kashi 92. Irin wannan jirgin zai tashi lafiya a minti biyu na farko har mai shi ya ɗauka komai daidai ne, sannan gudun ya riƙa raguwa zagaye bayan zagaye. Ƙara mAh ba zai gyara wannan ba. Ko dai a ƙara ƙwaya, ko a koma moto mai Kv wajen 900, ko a sa farfela mai ƙarin karkata a rage juyi.

Wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren ma yana da tasa matsalar. Wancan moton a ƙwaya 6 yana da ƙololuwar 15,540, kana kan kashi 61 kacal. ESC za ta yini tana yanka wuta, ta yi zafi, moton ma ya yi zafi. Ƙwaya 6 tana son Kv wajen 580 zuwa 600 a wannan juyin.

Idan za ka yi amfani da taima mai gane motsi, irin wadda Igor Burger na Silobakiya ya yi fice da ita (ya ci gasar duniya ta F2B a 2012 da 2014 da jirgin lantarki), ka zauna kusa da kashi 70. Irin wannan taimar tana ƙara juyi da kanta idan jirgi yana hawa, tana ragewa idan yana gangarowa, don haka sai an lissafa rarar a kan juyi mafi girma da za ta nema, ba a kan na shawagi ba.

To idan moto ya dace da kowanne, wanne ya fi, ƙwaya kaɗan ko da yawa? Wat 440 a ƙwaya 4 amfiya 30 ne, a ƙwaya 6 amfiya 20. Zafin da ke tashi a waya da fulogi da ESC yana bin amfiya sau kanta, wato 900 a kan 400. Mai ƙwaya 6 bai kai rabin asarar mai 4 ba a waɗannan wuraren. Shi ya sa manyan jirage suka koma 5 da 6. Ga jirgin da bai kai kilogiram 1.4 ba bambancin bai taka kara ya karya ba, ƙwaya 4 ta isa. Dokar F2B ta ƙayyade volt 42, kuma babu jirgin gwaninta na yau da kullum da ke kusantar wannan.

Lambar C

Wannan ba ta da wuya. Ninka nauyi da 390, raba da volt ɗin batir a ƙarƙashin kaya, sannan raba da girman batirin a amfiya-awa. Jirginmu mai kilogiram 1.75 yana neman wat 682 a ƙololuwa, a volt 17.5 amfiya 39 ke nan, a batir mai amfiya-awa 2.7 ya zama 14.4C. Matsakaicinsa ma wajen 9C ne kawai. Batirin 25C na ƙwarai ya isa ya yi rara. Masu 60C ko 100C an yi su ne don na'urorin da ke zuƙe batir cikin minti biyu, kuma sun fi nauyi a wat-awa ɗaya. Tun da kamfanoni suna zuzuta wannan lambar a jikin leda, abin da ya fi amfani shi ne ka raba wat-awa da giram na kowane batir da kake dubawa, ka ɗauki wanda ya fi makamashi a giram daga kamfanin da aka yarda da shi.

Gwajin da zai gaya maka gaskiya

Lissafi yana kai ka kusa ne kawai. Jirgi biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta a cin wuta saboda kaurin fiffike, farfela, tsawon igiya da yanayin hannun matuƙi.

Kada ka dogara da gwajin ƙasa. Farfela idan jirgi yana tsaye tana jan wuta fiye da yadda take ja a iska, kuma babu iskar da ke sanyaya komai. Daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa a duba juyi da na'urar awon juyi, a kuma tabbatar farfela tana juyawa ta inda ya kamata.

Cika batir, sa taima a minti 2, ka yi shawagi a miƙe. Wani ya riƙe agogo ya auna zagaye. Yawancin manyan jirage suna jin daɗi tsakanin daƙiƙa 5.0 da 5.4 a zagaye. Gyara juyi har ka samu gudun da igiya ke ja yadda kake so, domin awon cin wuta a gudun da ba shi za ka yi amfani da shi ba ɓata lokaci ne. Bayan sauka, taɓa moto da ESC da batir. Ɗumi babu laifi. Batirin da ba ka iya riƙe shi a hannu ya haura digiri 50, akwai gyara.

Bar shi ya huce, sa shi a caja, ka rubuta mAh nawa ta mayar. A ce ta mayar da 720. Wato 360 a minti, 1,980 a minti 5.5. Ƙara kashi 10 zuwa 15 saboda salon wasa, ka samu 2,180 zuwa 2,280. A batir mai 2,700 wannan kashi 81 zuwa 84 ne, ya ɗan haura iyakar kashi 80. Kada ka tsallaka kai tsaye zuwa cikakken lokaci. Je minti 3 da wasu salo, sannan minti 4, kana duba caja kowane karo, har ka kai cikakken jerin.

Ƙananan na'urorin da ake maƙala wa batir su nuna kashi nawa ya rage suna ƙiyasi ne daga volt, kuma a wajen 3.7 ɗan bambanci kaɗan yana sauya lambar da yawa. Caja ta fi su gaskiya. Amma volt ɗin hutu yana da amfani a matsayin shaida ta biyu: minti 15 bayan sauka, ƙwaya mai 3.73 zuwa 3.77 ta nuna an tsaya inda ya dace, ƙasa da 3.70 an shanye shi da yawa. Idan caja ta ce ka ci kashi 70 kawai amma ƙwayoyin suna 3.65, batirin bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba, ko kuma ya tsufa.

Idan cin wuta ya yi yawa

Kafin ka sayi babban batir, duba inda wutar ke tafiya, domin sau da yawa ragewa ta fi araha.

Lokaci shi ne mafi sauƙi. A jirginmu daƙiƙa 15 kusan 100 mAh ne. Idan kana gama salon ƙarshe sannan ka yi zagaye goma kana jiran moto ya mutu, wutar banza ce kake ƙonawa. Zagaye uku ko huɗu sun isa.

Gudu shi ne mafi tsada. Ƙarfin da ake buƙata don ture iska yana bin gudu sau kansa sau uku. Daga daƙiƙa 5.3 zuwa 5.0 a zagaye kamar ba wani abu ba ne a ido, amma kusan kashi 19 ne na ƙarin wuta. Wanda ya ƙara juyi don igiya ta ƙara ja, alhali matsalarsa ta saitin jirgi ce, batirinsa ne zai biya.

Tsawon igiya ma haka. Dokar F2B ta yarda da mita 15 zuwa 21.5. Idan ka ƙara tsawo ka kuma riƙe lokacin zagaye yadda yake, jirgin ya ƙara gudu ke nan, ga kuma ƙarin igiya da ake jan ta cikin iska. Igiyar kanta tana da babban kaso a cikin turjiyar da moto ke fama da ita, shi ya sa sauyawa daga kauri milimita 0.38 zuwa 0.46 ke bayyana a caja. Amma kaurin igiya nauyin jirgi da dokar gasa ne ke yanke shi. Ba a rage shi don a tsimin wuta.

Farfela kuwa, faɗinta yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A juyi ɗaya da karkata ɗaya, komawa daga inci 12 zuwa 13 yana iya ƙara jan wuta da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Siririyar farfela ta lantarki ta fi farfelar injin mai sauƙin ja, kuma mai kunne biyu galibi ta fi mai kunne uku tsimi. Duk lokacin da ka canza farfela, koma gajeren gwaji.

Yanayi ma yana taɓawa. A sanyi turjiyar cikin batir tana ƙaruwa, volt ya fi faɗuwa, don haka ana ajiye batura a wuri mai ɗumi har lokacin tashi.

Idan duk ka duba waɗannan har yanzu kana haura kashi 80, sai a ƙara girma, amma mataki ɗaya. Ƙarin 500 mAh a ƙwaya 5 yana zuwa da wajen giram 55 zuwa 60.

Inda za a ajiye shi da yadda za a ɗaure shi

Jirgin da ke zagaye da'ira mai nisan mita 20 daga tsakiya cikin daƙiƙa 5.2 yana gudun mita 24 a daƙiƙa, kusan kilomita 87 a awa. A wannan gudun komai na cikinsa ana tura shi waje da kusan ninki uku na nauyinsa, a kwana mai kusurwa kuma yana iya haura ninki goma zuwa sama ko ƙasa. Batir mai giram 320 ya zama kaya mai fiye da kilogiram 3 na ɗan lokaci. Velcro mai mannewa a ƙasa shi kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ana buƙatar faranti na falawud da aka manne da ƙashin jirgin, da maɗauri biyu da suka zagaye batirin, da abin tokare gaba da baya don kada ya zame ya daki moto ko ya ja wurin daidaiton nauyi baya.

Batir ba ya raguwa a nauyi kamar tankin mai, don haka daidaiton jirgin ɗaya ne daga tashi har sauka. Yi wa farantin tsawo yadda za ka iya matsar da batirin gaba ko baya santimita biyu ko uku, ka yi saiti da shi maimakon ƙara darma. Tsayinsa ma yana da muhimmanci. Idan ya yi ƙasa ko sama da layin fiffike da yawa, za ka ga fiffiken waje ya ɗaga a shawagi, ya sunkuya idan jirgi ya kife, ko akasin haka. Kafin ka fara murɗa fiffike, gwada ɗaga batirin ko sauke shi da 'yan milimita. A jirgi mai fallen jiki ana ɗaure shi a gefen waje ko cikin ramin da aka yanka a jikin, kuma idan yana waje sai a ɗan rage darmar da ake sawa a bakin fiffiken waje.

Sayi batura iri ɗaya, kamfani ɗaya, nauyi ɗaya. Bambancin giram 20 a hanci ana jin sa a hannu.

Bar hanyar iska: ta shiga ta hanci, ta bi ta moto da ESC da batir, ta fita ta ramin da ya fi na shiga girma, aƙalla ninki biyu.

Batirin ƙwaya mai gwangwani

Mutane da yawa sun koma haɗa ƙwayoyin 18650 masu jure amfiya, kamar Molicel P28A ko Murata VTC5A. Kowace ƙwaya tana da giram 46 zuwa 48, don haka shida da waya sun kama wajen giram 300, suna ɗauke da wat-awa 56 zuwa 60. Ba sa kumbura, kuma ana iya saukar da su ƙasa da LiPo, tun da iyakarsu volt 2.5 ce.

Sai dai lissafin ya ɗan sauya. Volt ɗinsu 3.6 ne, kuma turjiyar cikinsu ta ninka ta LiPo sau uku ko huɗu. Ƙwaya shida a amfiya 20 suna iya zubar da volt 2 ko fiye, su kuma yi zafi sosai. Don haka a lissafin rara yi amfani da volt 3.2 ko 3.3 a ƙwaya. Inda LiPo mai ƙwaya 5 ke aiki, nan galibi 6 ake sawa. Dole kuma a sauke iyakar yanke wuta ta ESC, in ba haka ba za ta yanke alhali batirin yana da sauran aiki. Ƙwayoyin tocila da na kwamfutar hannu ba sa wannan aikin ko da lambar mAh ɗinsu ta fi girma.

Alamomi da musabbabinsu

Jirgi yana rage gudu a minti na ƙarshe, amma caja ta nuna ba a ci da yawa ba: rara ce ta yi kaɗan, ko turjiyar batir ta ƙaru. Cajoji da yawa suna auna turjiya. Rubuta ta ranar da ka sayi batirin; idan ta ninka, ko ƙwaya ɗaya ta bar 'yan uwanta a baya, mayar da shi na gajeren atisaye.

Moto ya mutu farat ɗaya kafin lokaci: yawanci ESC ce ta yanke saboda ƙarancin volt ko zafi ko yawan amfiya. A jirgin igiya ana saita yankewar ƙarancin volt ta zama mai ragewa a hankali, wajen 3.0 zuwa 3.2 a ƙwayar LiPo, a kuma faɗa mata yawan ƙwayoyi da hannu maimakon a bar ta ta ƙirga da kanta. Duba fulogi ma; sodar da ba ta kama ba tana yin zafi tana cin volt. Fulogin XT60 ko Deans da waya mai lambar kauri 14 (AWG) sun isa amfiya 40.

Cin wuta ya ninka abin da lissafi ya nuna: duba ko an shigar da yawan maganaɗisun moto daidai a ESC. Yawancin waɗannan motocin suna da 14, kuma idan lambar ta kuskure juyin da gwamna ke riƙewa ba shi ne wanda ka rubuta ba.

Batir ya kumbura bayan tashi kaɗan: an shanye shi, ko ya yi zafi, ko an bar shi cike kwanaki. Ana caji a 1C, wato amfiya 2.7 ga mai 2,700 mAh, da wayar daidaita ƙwayoyi a haɗe, a kan abin da ba ya cin wuta kuma mutum yana kusa. Wanda ba za a tashi da shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba a sauke shi zuwa volt 3.8 a ƙwaya.

Sannan akwai kuskuren da ya fi duka saurin karya jirgi, wato tashi da batirin da aka riga aka yi amfani da shi. Taima ba ta san abin da ke cikin batir ba, za ta ƙirga mintocinta kawai. Sa wa kowane batir lamba, ware akwatin cikakku da na shanyayyu, kuma ka duba volt a bakin jirgi kafin ka haɗa fulogi: ƙwaya 5 cikakkiya tana nuna volt 21, ƙwaya 4 tana nuna 16.8, ƙwaya 6 kuma 25.2. Da zarar an haɗa, wani ya riƙe jirgin har ka kama mariƙi, kuma bayan sauka a cire fulogin kafin a ɗauke shi daga fili.